Yadda ake bitar wasan ces da Stockfish ba tare da haddar banza ba

Wani yaro ɗan maƙwabcina, wanda ko ƙaramar sakandare bai gama ba, ya kashe mini sarki a taku tara. A ƙofar gida ne bayan la'asar, mutanen majalisa na tsaye a kanmu. Ya ɗora giwarsa a gidan e6, ya ɗago kai ya ce, "Kawu, ya mutu fa." Na duba dama, na duba hagu, babu ta inda sarkin zai bi. Bidiyon Tunde Onakoya, ɗan wasan ces na Najeriya, ne ma ya jawo yaron cikin wasan, lokacin da ya zauna a dandalin Times Square na birnin New York a Afrilun 2024 ya yi awa 60 yana bugawa. Ni kuwa na fi shekara goma ina taɓa 'ya'yan nan.

A daren na zuba wasan a cikin inji, wato manhajar lissafin ces irin Stockfish. Ya sa alamar katoɓara a kan takuna na bakwai, ya nuna mini wanda ya kamata in yi. Na haddace, na kashe waya na kwanta. Bayan kwana biyu muka sake zama, ya bi hanyar da ya bi rannan, na yi takun da inji ya ce. Sai ga sarkina tsirara a tsakiyar allo, 'ya'yansa uku sun taru a kan dokina, ni kuma ban san me ke biye ba. An gudu ba a tsira ba. Amsa na haddace, dalilinta ban nema ba. Tun daga nan na sauya yadda nake amfani da inji, kuma wannan hanyar ce zan shimfiɗa a nan.

Bari mu fara daidaita sunaye. Wasan da littattafan Larabci ke kira shaɗaranji shi ne yaran yanzu ke ce wa ces, wasu kafafen labarai kuma su ce masa dara kawai, alhali darar da muka gada daban take. Sunayen 'ya'yan kuwa kowace majalisa da nata. Ni zan ce sarki, sarauniya, hasumiya, giwa, doki da soja. Giwa ita ce mai tafiya a karkace, daga Larabawa na aro sunan.

Abin da za ka tanada

Waya mai intanet, littafin rubutu na 'yan makaranta, da biro. Allon gaske idan kana da shi, don ido ya fi kama abu a kan katako.

A wayar ka sauke Lichess, manhajar buga ces a intanet. Wani Bafaranshe, Thibault Duplessis, ya kafa shi a 2010, kuma har yau kyauta ne gaba ɗaya: babu talla, babu ɓangaren da aka kulle sai an biya, da gudummawar masu amfani da shi yake tafiya. Chess.com ya fi shi jama'a, darussansa na da kyau, amma cikakkiyar bitar wasa a can ana taƙaita wa wanda bai biya ba. Idan datarka ta yi ƙasa, akwai DroidFish na Android, wanda ke ɗauke da Stockfish a cikinsa, yana aiki ko babu intanet. Sai dai ka sani inji na shan batir, yana kuma sa waya zafi. Kada ka bar shi yana lissafi ka tafi sallah, musamman ranar da aka ɗauke wuta.

Mataki na farko: buga wasan da ya cancanci bita

Wasan minti ɗaya ko uku ba abin bita ba ne. Yatsa ne ke bugawa, ba kai ba, kuma duk kuskuren da ka samu a ciki amsarsa ɗaya ce, gaggawa. Ka zaɓi 15+10, wato minti 15 ga kowa da ƙarin daƙiƙa 10 bayan kowane taku. Wasa ɗaya irin wannan a rana, da bitarsa, ya fi ashirin na gudu.

Idan a Lichess ka buga, wasan na ajiye da kansa. Idan a kan allo ne da aboki, sai ka rubuta, kuma rubutun ba wuya. Allon gida 64 ne. Layukan tsaye suna da harufa daga a zuwa h, ana farawa daga hannun hagun Fari. Na kwance suna da lambobi daga 1 zuwa 8, ana farawa daga gaban Fari. Kowane ɗa da harafinsa: K sarki, Q sarauniya, R hasumiya, B giwa, N doki. Soja ba shi da harafi, gidan da ya sauka kawai ake rubutawa. Alamar x na nufin an ci, + na nufin an yi wa sarki cek, wato an kai masa hari, # na nufin sarki ya mutu, O-O kuma an shigar da sarki ɗaki ta gajeren gefe, wato sarki da hasumiya sun motsa tare, O-O-O ta dogon gefe. Ga wasan da yaron ya ci ni, ni ne Baƙi:

1.e4 e5 2.Nf3 Nc6 3.Bc4 Nf6 4.Ng5 d5 5.exd5 Nxd5 6.Nxf7 Kxf7 7.Qf3+ Kg8 8.Bxd5+ Be6 9.Bxe6#

Ka jera shi a allonka yanzu, domin za mu riƙa komawa gare shi.

Mataki na biyu: bita da kanka, inji a kashe

Wannan shi ne matakin da kowa ke tsallakewa, kuma shi ne rabin aikin. Kada ka yi shi da zafin rashin nasara. Ka sha ruwa, ka yi wani abin, ka dawo bayan awa ɗaya ko washegari.

Buɗe wasan a allon nazari na Lichess, ka tabbata maɓallin inji a kashe yake. Bi wasan taku bayan taku tun daga farko. Duk inda ka tuna ka daɗe kana tunani, ko takun abokin karawa ya zo maka ba zato, ko ka ji gabanka ya faɗi, tsaya. Rubuta lambar takun a littafinka, sannan ka amsa tambayoyi uku a rubuce: me nake so in yi a nan, me nake tsoro, wane taku ne na yi tunaninsa na fasa? Ba sai ka yi dogon bayani ba. "Taku na 14, na so in ci sojan b2, ban duba hasumiyarsa ba" ya isa.

Daga nan ka yanke hukunci da kanka: a wane taku wasan ya juya? Ka rubuta lamba ɗaya, ka ja layi a ƙarƙashinta. Ka rubuta kuma takun da kake ganin ya fi. Amfanin wannan shi ne idan ka kunna inji, kana da abin da za ka gwada da nasa. Wanda ya kunna inji da kai fanko, duk abin da aka nuna masa zai ce ai dama ya gani, alhali bai gani ba. Biro ba ya barin mutum ya yaudari kansa.

Da na koma na yi wa wasana haka, abin da na rubuta a taku na biyar shi ne: "Ya ci sojana, na rama, ban yi tunanin komai ba." A lokacin ban ɗauki wannan layin da muhimmanci ba.

Mataki na uku: kunna inji, ka iya karanta lambobinsa

Injin da ke cikin Lichess Stockfish ne. Ya fito a 2008, Tord Romstad da Marco Costalba da Joona Kiiski ne suka fara shi, kuma buɗaɗɗe ne, masu sa kai daga ƙasashe da dama ke ta gyara shi. A 2020 aka sa masa wata ƙwaƙwalwar koyo da ake kira NNUE, ƙarfinsa ya yi tsalle. Idan ka tuna cewa a 1997 sai da kamfanin IBM ya gina Deep Blue, na'ura guda mai girman kabad, kafin a doke zakaran duniya Garry Kasparov da ci 3½ da 2½, to wanda ke aljihunka yau ya fi wancan ƙarfi nesa ba kusa ba. Babu ɗan Adam da zai tsaya masa, har Magnus Carlsen da ya kai maki 2882 a ma'aunin ƙarfin 'yan wasa a 2014, mafi yawa da aka taɓa samu. Saboda haka ba gardama za ka yi da shi ba. Tambayarsa za ka yi.

A ƙarƙashin wasan akwai wurin neman nazarin kwamfuta. Ka danna, ka jira kaɗan. Zai fito maka da zane mai hawa da sauka, da alamomi a jikin takun: ?! ɗan sakaci, ? kuskure, ?? katoɓara. Lambar da ke gefe kuma ita ce hukuncinsa. Idan da alamar tarawa, Fari ke gaba. Idan da alamar ɗebewa, Baƙi ne. 0.0 na nufin kunnen doki. Idan ka ga #3, akwai kisa a taku uku.

A da ana fassara +1 da cewa Fari ya fi da darajar soja guda, bisa tsohon lissafin nan: soja 1, doki 3, giwa 3, hasumiya 5, sarauniya 9. Tun fitowar Stockfish 15.1 a ƙarshen 2022 aka daidaita ma'aunin, +1 ya koma nufin Fari zai ci kusan rabin wasannin idan inji ne ke karawa da inji daga wannan matsayi. Lura da sharaɗin: inji da inji. Ni da kai, +1 ba ta hana mu zubar da sarauniya a taku na gaba. Don haka duk motsin da bai kai 1 ba, ka wuce shi. Ka nemi inda zanen ya faɗi kamar an tunkuɗa shi rami, daga +0.5 zuwa -3 misali. A yawancin wasanninmu irin waɗannan wuraren ba sa wuce biyu ko uku. Su za ka bi.

Akwai wasu lambobi da zai ba ka, na kashi nawa cikin ɗari ka buga daidai. Matasa na son ɗaukar hotonsu su tura wa abokai. Ba su da wani amfani ga mai koyo. Wasan da abokin karawa ya zubar da doki tun da wuri zai ba ka lamba mai kyau ko da ba ka yi abin kirki ba.

Yanzu ɗauko littafinka. Lambar da ka ja wa layi ta dace da inda zanen ya faɗi? Idan ta dace, idonka na gani, lissafi ne ya gaza a lokacin wasa. Idan ba ta dace ba, ka samu abu mai daraja: akwai wani nau'in haɗari da ba ka ganinsa ko da an ba ka lokaci.

Mataki na huɗu: tambayi inji dalili

Nan ne aikin yake, nan kuma na faɗi a karon farko. Inji ba ya magana. Taku kawai yake nunawa, kai ne za ka tono dalilin, kuma ga yadda ake yi.

Koma takun da aka sa maka ??. Kafin ka kalli shawararsa, sake gwadawa da kanka. Lichess na da wani sashe na koyo daga kurakurai wanda ke ɓoye amsar ya ce ka nemo taku mafi kyau. Yi amfani da shi. Idan ka gaza sau biyu, sannan ka duba.

Sai ka buga mummunan takun naka a allon, ka bar inji ya hukunta ka. Bi layin da ya nuna, taku uku ko huɗu, har sai ka ga asarar da idonka: an ci ɗa, ko sarki ya mutu. Kada ka tsaya a lamba. A wasana, 7...Kg8 ya mayar da sarki lungu inda giwarsa da hasumiyarsa da sojojinsa biyu suka toshe masa hanya, layin karkace daga d5 zuwa g8 kuma a buɗe. Taku biyu, an gama.

Sannan ka buga takun da inji ya ba da shawara, ka zama abokin karawa, ka kai masa harin da kake tsoro. Wannan ne sirrin. Idan inji ya ce ka ajiye doki a wani gida, kai kuma kana ganin za a ci shi, to ci shi ka ga abin da zai biyo baya. Sau da yawa a nan ne za ka ce "au, ashe!" Da na yi haka da 7...Ke6, na gane dalilinsa: sarki na fitowa ne don ya kare dokin d5, wanda giwa ta ɗaure, ba ya iya motsi saboda sarki na bayansa. Na kuma gane cewa bayan 8.Nc3 sai Baƙi ya yi ta samo taku ɗaya tilo mai tsira, sau da dama a jere, sarkinsa a fili. Inji zai iya. Ni ba zan iya ba.

A nan sai ka yi tambayar da inji ba zai yi maka ba: ta yaya na shigo wannan halin tun farko? Ruwa ba ya tsami banza. Ja baya taku ɗaya ɗaya, kana kallon lamba, har ka iso inda kake da zaɓi mai sauƙi ka bar shi. Nawa yana taku na biyar, daidai inda na rubuta cewa ban yi tunanin komai ba. Cin sojan nan da doki shi ya buɗe wa yaron ƙofar sadaukar da dokinsa a f7. Katoɓarar taku na bakwai 'yar wannan ce.

Ƙa'idata ita ce: duk shawarar inji da ban iya bayyana ta da jimla ɗaya ta Hausa ba, ba tawa ba ce tukuna, na bar ta. Idan ya ba ni zaɓi biyu, ɗaya +1.8 mai sarƙaƙiya, ɗaya +1.2 wanda na fahimta, na biyun nake rubutawa. Kana iya sa shi ya nuna layi uku maimakon ɗaya a wurin saituna, don ka ga irin waɗannan zaɓuɓɓukan.

Idan kuma katoɓarar taka ta rashin gani ce kawai, kada ka tsine wa kanka. A 2006 a birnin Bonn, Vladimir Kramnik yana zakaran duniya ya kasa ganin kisa a taku ɗaya, injin Deep Fritz ya ɗora masa sarauniya a h7. A 2014 a Sochi, wasa na shida na gasar duniya, Carlsen ya yi 26.Kd2 wanda ya ba Viswanathan Anand damar cin soja da doki a e5 ya juya wasan, Anand bai gani ba, ya yi wani takun cikin sauri, daga baya ma ya sha kashi. Maganin irin wannan ba ya wurin inji. Kafin ka saki ɗa, duba duk cek da duk cin da abokin karawa zai iya yi. Shi ke nan.

Mataki na biyar: duba mabuɗin, wato farkon wasa, amma kada ka nutse

A allon nazari akwai alamar littafi. Idan ka danna, zai nuna maka abin da aka buga daga wannan matsayi, a rumbu biyu: na gwanaye, da na jama'ar Lichess. Nemo takun farko da ka kauce wa hanyar gwanaye, ka koyi gyaransa shi kaɗai. Taku ɗaya a kowane wasa.

A taku na biyar na wasana, gwanaye galibi 5...Na5 suke yi. Doki ya kai wa giwa hari, bayan 6.Bb5+ c6 7.dxc6 bxc6 Baƙi ya rasa soja guda amma 'ya'yansa sun samu fili, dokin Fari kuma za a yi ta korarsa. Hanya ce mai kyau ga mai son rigima. Amma da na ƙara ja baya sai na ga wata mafi sauƙi: a taku na uku, maimakon doki, in fito da giwa, 3...Bc5. Yanzu hanyar sarauniyata daga d8 zuwa g5 a buɗe take, dokin da ya yi tsalle zuwa g5 kyauta ne. Ita na zaɓa, saboda ta dace da ƙarfina.

Masu sayar da darussan mabuɗi za su so ka haddace taku ashirin. Abokin karawarka zai kauce a taku na shida, haddar ta tashi a banza.

Mataki na shida: ƙarshen wasa

Idan 'ya'yan da suka rage a allo, har da sarakuna, ba su wuce bakwai ba, Lichess na daina kimantawa ya ba ka hukunci tabbatacce daga wani rumbu da ake kira Syzygy: ci, canjaras, ko faɗuwa. An riga an lissafe kowane matsayi har ƙarshe. A ƙarƙashin alamar littafin nan za ka same shi.

Ga aikin da nake ba kowa. Nemo wasa na 14 na gasar duniya da aka yi a Singafo, ranar 12 ga Disamba 2024, tsakanin Ding Liren na Sin da Gukesh Dommaraju na Indiya. Kowa na da hasumiya da giwa, Gukesh na da soja biyu, Ding na da ɗaya, kuma duk masu sharhi sun sallama canjaras ne. Sai Ding ya yi 55.Rf2, yana neman musayar hasumiya. Gukesh ya karɓa, sannan ya ɗora giwarsa a d5. Giwar Ding tana lungun a8, layi ɗaya kawai gare ta, dole ta yi musaya. Aka bar sarki da soja biyu a gaban sarki da soja ɗaya, Ding ya miƙa hannu bayan taku na 58. Gukesh ya zama zakaran duniya yana ɗan shekara 18, da ci 7½ da 6½.

Jera matsayin ƙarshen, ka karɓi Baƙi, ka sa inji ya riƙe Fari, ka ci shi. Za ka sha mamakin sau nawa za ka mayar da shi canjaras kafin ka gane yadda sarki ke tsayawa gaban sarki ya tilasta masa kaucewa. Duk lokacin da rumbun ya sauya daga ci zuwa canjaras, tsaya ka gano dalili. Darasin da ke ciki na kowa ne: kafin ka yi musayar ɗan ƙarshe, lissafa wasan sojojin da zai rage. Haka za ka riƙa yi da ƙarshen wasanninka.

Mataki na bakwai: littafin kurakurai

Bayan kowace bita, rubuta layi ɗaya a shafin baya: kwanan wata, lambar taku, da irin kuskuren. Na bar ɗa babu kariya. Doki ya kai wa biyu hari lokaci guda. An ɗaure mini ɗa. Layin baya babu mafita. Ban shigar da sarki ɗaki ba. Agogo ya ci ni. Bayan wasa ashirin ka ƙirga. Za ka tarar abu biyu ne ko uku ke ta maimaita kansu. A sashen wasan ƙwaƙwalwa na Lichess ana iya zaɓar jigo, sai ka zaɓi naka, ka riƙa warware biyar zuwa goma a rana, a natse, ba tare da cacar taku ba.

Nawa littafin ya tona mini asiri: fiye da rabin faɗuwata ta zo ne a takun da na rama ci nan take.

Wasannin manya, da kallon gasa

Wannan hanyar tana aiki a kan wasannin gwanaye, da ɗan bambanci. Ka ɗauki gefen wanda ya ci, ka rufe takunsa da takarda, ka yi hasashen kowanne kafin ka buɗe. Kada ka fara da Carlsen ko Gukesh, wasanninsu cike suke da shirin inji wanda ba a gani a allo. Fara da Paul Morphy, Ba'amurken da ya buga wasan nan a gidan kallo na birnin Faris a 1858, shi kaɗai yana karawa da wasu masu sarauta biyu. Taku 17 ne:

1.e4 e5 2.Nf3 d6 3.d4 Bg4 4.dxe5 Bxf3 5.Qxf3 dxe5 6.Bc4 Nf6 7.Qb3 Qe7 8.Nc3 c6 9.Bg5 b5 10.Nxb5 cxb5 11.Bxb5+ Nbd7 12.O-O-O Rd8 13.Rxd7 Rxd7 14.Rd1 Qe6 15.Bxd7+ Nxd7 16.Qb8+ Nxb8 17.Rd8#

Tsaya a taku na takwas. Sojan b7 na nan a banza, yawancinmu za mu ci. Morphy ya bar shi ya fito da doki, domin cin sojan zai ba Baƙi damar musayar sarauniya da cek a b4, harin ya huce. Ka ƙirga kuma a ƙarshe: Fari ya ba da kusan komai, giwa da hasumiya kawai suka rage masa cikin manya, su suka yi kisan, alhali giwar Baƙi da hasumiyarsa ta h8 ko motsi ba su yi ba. Bayan Morphy sai José Raúl Capablanca na Kuba, zakaran duniya daga 1921 zuwa 1927, don ka ga yadda ake cin ƙarshen wasa ba hayaniya.

Manyan gasa kuwa Lichess na watsa su kai tsaye, taku bayan taku, kuma ba ya cin data kamar bidiyo. Shawarata ka kashe sandar inji da ke gefe, mai nuna wanda ke gaba. Mai kallo da sanda yana ganin kansa gwani, yana zagin wanda ya fi shi sau dubu. A watan Yunin 2025 a Stavanger ta ƙasar Norway, sanda ta daɗe tana cewa Carlsen ya gama da Gukesh. Agogo ya matse, Carlsen ya kuskure, ya faɗi, ya naushi tebur har 'ya'ya suka zube. Wanda ke kallon lamba kawai bai san irin wuyar da ke cikin matsayin ba.

Abu guda da ba a wasa da shi: inji na bayan wasa ne. Buɗe shi ana tsakiyar wasa sata ce, ko a intanet ko a kan allo. Lichess da Chess.com duka suna rufe asusun masu yi. A 2019 an ɗauki hoton Igors Rausis, mai babban kambun gwanaye, da waya a banɗaki ana tsakiyar gasa a Strasbourg, hukumar ces ta duniya, FIDE, ta ƙwace kambun ta dakatar da shi shekara shida.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya muka sake zama da yaron. Ya fito da giwa c4, na fito da tawa c5. Hannunsa ya riga kansa, ya cilla doki g5 kamar yadda ya saba. Na ɗauke shi da sarauniya na ajiye a gefen allo. Ya yi shiru yana kallon gidan, can ya ce, "Kawu, wa ya gaya maka?" Na ce masa littafi. Da muka haɗu mako na gaba bai taɓa sojan sarki ba, da 1.d4 ya buɗe, ya ci ni a taku talatin da wani abu. Wasan na nan a shafi na gaba, na ja layi a ƙarƙashin taku na 19, ban kunna inji ba tukuna.